Wai bautar rana mutanen Suwidin suke yi a gindin sandar nan?

Abban_Sultan:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga 'yan'uwanmu mazauna Suwidin da duk wanda ya san ƙasar. Wani bidiyo ne yake ta yawo tun jiya. An kafa wata doguwar sanda an naɗe ta da ganye, an gitta mata wata a sama, zobba biyu suna reto, ga manyan mutane har da masu furfura sun kewaye ta suna tsallen kwaɗo, kowa da furanni a ka. Wanda ya saka ya rubuta wai bautar rana suke yi. Abin ya ɗaure min kai, don ƙasar da ke raba kyautar Nobel ce, ba wasu jahilai ba. Da gaske bautar rana ce? In ba ita ba ce, mece ce?

Zee_Gwammaja:
Hhhh na gani wallahi. Wani tsoho mai tumbi ya fi kowa zaƙewa. Da a nan ne da tuni an kira mai ruƙiyya.

Bahaushen_Uppsala:
Wa alaikumus salam. Midsommar ke nan, bikin tsakiyar bazara. In ka cire Kirsimeti babu ranar da suke ji da ita kamarsa, wasu ma za su ce maka ya fi Kirsimetin. Ana yin sa ranar Juma'ar da ta faɗo tsakanin 19 da 25 ga Yuni. Asabar ɗin da ke biye ita ce ranar hutu a hukumance, amma duk shagalin a jajibere ake yi, kuma ranar ofisoshi da bankuna a rufe suke, shaguna da yawa ma haka. Maganar bautar rana kuwa, ban taɓa ganin wanda ya ɗaga hannu ya roƙi rana wani abu ba. Yawancinsu ko coci ba sa zuwa, balle su nemo wani abin bautar. Ci ne da sha da rawa da ganin dangi.

Malam_Na_Tudu:
Rashin ɗaga hannu ba ya wanke abu, asali ake dubawa. Mutanen nan kafin Kiristanci ya je musu gumaka suke bauta wa, Odin da Thor da Freyr, har babban ɗakin tsafi gare su a nan Uppsala da kake zaune. Sandar nan in aka bi diddigi daga can ta fito. Jikoki ne suke maimaita aikin kakanni ba su san ma'anarsa ba.

Tsohon_Ticha:
Allah ya gafarta Malam, batun gumaka gaskiya ne. Wani malamin coci Bajamushe, Adam na Bremen, ya rubuta labarin ɗakin tsafin Uppsala a wajen shekarun 1070, ya kuma ambaci gumakan nan uku. Tuddan kaburburan manyansu na da can suna nan har yau a Gamla Uppsala. Amma wajen haɗa sandar da ɗakin tsafin ne hujja ta yanke. Abin da masana al'adun ƙasar suka fi tafiya a kai shi ne daga Jamus aka kawo ta, zamanin da fataken Jamusawa suka cika biranen gaɓar teku irin su Stockholm da Visby da Kalmar, lokacin ƙasar ta daɗe da karɓar Kiristanci. Jamusawa ranar 1 ga Mayu suke kafa tasu. A Suwidin kuwa farkon Mayu bishiyoyi ba su gama tofo ba, furanni ba su fito ba, da me za a yi wa sandar ado? Sai ta koma Yuni.

Dan_Filato:
Bari in ƙara daga ɓangarenmu na Kirista. 24 ga Yuni ranar tunawa da haihuwar Yohanna Mai Baftisma ce, wanda 'yan'uwa Musulmi kuke kira Annabi Yahaya. A Linjilar Luka, sa'ad da mala'ika ya zo wa Maryamu, Alisabatu tana da cikin wata shida, shi ya sa aka ƙirga wata shida kafin Kirsimeti aka ajiye ranar. A Suwidin ma 24 ga wata ce ranar bikin, jajibere 23, har zuwa 1953 da aka mayar da shi ƙarshen mako don kada ya riƙa faɗowa tsakiyar ranakun aiki. Danmak da Norwe har gobe daren 23 suke yi, da sunan Yohannan suke kiransa, Sankt Hans, kuma su babbar wuta suke hurawa a bakin ruwa.

Gwanin_Gardama:
To ai kun ƙarfafa maganar Malam ba ku sani ba. Me ya sa ranar Yohanna ta zo dab da lokacin da yini ya fi tsawo a shekara? Coci ta tarar da mutane suna bikinsu, ta kasa hana su, ta lulluɓa masa sabon suna. Kura ce da fatar akuya.

Tsohon_Ticha:
@Gwanin_Gardama, cewa manoman arewacin Turai suna shagali a wannan lokacin tun kafin zuwan coci, ban musa ba. Lokaci ne da an gama shuka, ba a fara yankan ciyawar dabbobi ba, hannu ya sami sarari. Abin da nake ja shi ne a ɗauki abin da ke cikin bidiyon nan a ce haka Vikings, kakanninsu na zamanin gumaka, suke yi. Ɗauki tsallen kwaɗon kansa. Waƙar da suke bi, Små grodorna, zolayar kwaɗi take yi wai ba su da kunne ba su da wutsiya, shi ya sa za ka ga ana kaɗa hannuwa a gefen kai, sannan a mayar da su baya. Karin waƙar daga wani taken macin sojojin Faransa na zamanin Napoleon aka aro shi. Dankalin da ba a bikin sai da shi, asalinsa Kudancin Amurka ne, sai a ƙarni na 18 nomansa ya fara yaɗuwa a ƙasar. Wane Viking ne ya ci dankali?

Dan_Kiruna:
Ku bar ni in faɗi abin da bidiyo ba zai nuna ba. Ni a Kiruna nake, can ƙuryar arewa. A watan Disamba akwai makonnin da rana ba ta fitowa kwata-kwata a garin nan. Wajen sha ɗaya na safe sama ta ɗan yi shuɗi-shuɗi kamar gari zai waye, kafin ka gama cin abincin rana duhu ya dawo. Ko Stockholm da ke kudu, hasken yininta a ƙarshen Disamba wajen awa 6 ne. Ka fita aiki da duhu, ka dawo da duhu, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, ba mai ce wa wani uffan a tashar mota. Har ƙwayar bitamin D ake ba mu shawarar sha, musamman mu baƙar fata.

To sai Yuni ya zo. Stockholm ta sami awa 18 da rabi na haske. Mu nan kuwa daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa, sai dai ta sauko kamar za ta taɓa kan dutse, ta sake hawa. Mutumin da ya sha wancan duhun, in ka gan shi yana tsalle a ciyawa kada ka cika yi masa dariya. Kuma sun san daga ranar yini zai fara raguwa. Mu da muka taso rana tana dukan ƙeyarmu, gudunta muke yi, shi ya sa abin yake mana banbarakwai.

'Yar_Damagaram:
Ikon Allah sai kallo. To ku yaushe kuke barci, Yaya?

Dan_Kiruna:
Da agogo, ƙanwata. Baƙin labule mai kauri ake sa wa taga. Yara ne matsalar, ka ce su kwanta dare ya yi, su nuna maka rana.

Maman_Ilham:
Ni a Malmö nake da yarana. Abin da ban ga an faɗa ba shi ne, ga baƙo wannan ranar tana daga cikin ranakun kaɗaici. Biki ne na ƙauye. Tun Alhamis manyan hanyoyi suke cushewa da motoci, kowa ya nufi ɗan gidan katakonsu na bakin tafki ko na tsibiri, irin jajayen nan masu farin baki. Ranar Juma'a ka fito titi sai ka ga mu ne kawai, mu da Somaliyawa da Larabawa da 'yan yawon buɗe ido suna neman inda za su ci abinci. Ba irin bikin da za ka ji kiɗa ka bi sawu ka zauna a zuba maka ba ne. In ba a gayyace ka ba, sai dai ka je na fili wanda ƙaramar hukuma ko ƙungiyar unguwa ta shirya.

Ummu_Sudais:
Maman Ilham ba mu labarin abincin mana. Ni nan ne hankalina yake.

Maman_Ilham:
Hajiya kada ki sa rai da yawa, babu yaji ko na ƙwayar ido. Ana jera dogon teburi a waje. Sarkin teburin wani kifi ne, sill, wanda ba a dafa shi ba, gishiri aka ba shi sannan aka jiƙa a ruwan tsami da sukari da albasa. Kwalabe-kwalabe ake kawowa, wannan da mustad, wancan da albasa, wani da kirim. Sai dankalin Turawa sabon tono, ƙanana, ɓawonsu da yatsa ma murje shi ake yi, a dafa da wani ganye mai ƙamshi da ake kira dill. A ɗora nono mai kauri mai ɗan tsami, a barbaɗa yankakken ganyen albasa siriri. Akwai kifin salmon, dafaffen ƙwai, cuku, da busasshen burodi mai ƙaras-ƙaras. Kifin nan da farko zaƙi da tsami da ƙarni za su haɗu miki a baki ki rasa na tofarwa, amma in kika haɗa shi da dankalin mai zafi yana shiga.

Abin da ya fi komai shi ne sitiroberi da kirim, ko a yi kek da shi. Kuma dole sai nomansu na gida, ba sa son na Sifen ko na Holan a ranar. Kafin bikin har a labarai ake maganar ko zai nuna a kan lokaci da nawa za a sayar da lita. Abin da za ki kiyaye: ƙwallayen nama da ƙananan sosej, galibi akwai alade a ciki. Ki tambaya, ba sa jin haushi.

Malam_Na_Tudu:
Ba ki faɗi abin sha ba, Hajiya.

Maman_Ilham:
Ina zuwa kai, Malam, ba ɓoyewa zan yi ba. Akwai giya, akwai wata barasa mai ƙarfi, snaps, da ake zubawa a ƙananan kofuna. Kafin kowace kurɓa sai an rera gajeriyar waƙa tare. Barasa mai ƙarfi a ƙasar nan shagon gwamnati ne kaɗai yake sayar da ita, Systembolaget, kuma a rufe yake ranar jajiberen, don haka Alhamis layi har waje. Da rana abin na iyali ne, yara da kakanni. In yamma ta yi nisa wasu wuraren sai a hankali, 'yan sanda da asibitoci ba sa hutawa a daren.

Malam_Na_Tudu:
Madalla da gaskiyarki. Ai su da kansu suna da karin magana cewa daren bikin ba shi da tsawo amma yana kaɗa gadon jarirai saba'in da bakwai. Mai hankali ya fahimta.

Zee_Gwammaja:
Malam ina ka samo wannan kuma? 😂 Ashe ana bincike.

'Yar_Damagaram:
Ni furannin ne suka burge ni. Wata ta ce min wai 'yan mata suna sa fure a ƙarƙashin matashi su ga mijin da za su aura. Haka ne?

Amaryar_Dalarna:
Haka ne 'yar'uwa. Ni kusa da Leksand nake zaune, a yankin Dalarna, inda ake cewa nan ne cibiyar bikin. Maƙwabciyata wata tsohuwa ce da ta yi kiwon shanu tana yarinya, ita take ba ni waɗannan labaran in mun zauna shan kofi. Budurwa za ta fita a daren ita kaɗai, ta tsinko furanni iri bakwai daban-daban. Sharaɗin shi ne shiru. Daga fitarta har ta kwanta ba za ta yi magana ba, ba za ta yi dariya ba, in ta yi aikin ya ɓaci. Shi ya sa samari suke laɓewa a hanya suna tsokanarsu don su sa su dariya. A wasu garuruwan sai ta haura shinge bakwai. Ta sa furannin ƙarƙashin matashi, wanda ta gani a mafarki shi ne mijin.

Akwai wata dabarar kuma, a dama kunu ko a soya waina a cika mata gishiri, a ci a kwanta ba a sha ruwa ba. Wanda ya miƙo miki ruwa a mafarki shi ne. Har kofin ake dubawa, in mai tsada ne gidan wadata za ki shiga.

Sai raɓa. Sun ɗauka raɓar daren magani ce. A taka ta ba takalmi don a sami lafiyar shekara, wasu su yi birgima a cikinta, wasu su ja zane a kan ciyawa su matse a kwalba, a ajiye don ciwo ko a zuba a kwaɓin burodi. Kambin furen da aka sa a ka kuma ba a yar da shi, a shanya shi ya bushe, ranar Kirsimeti a jefa a ruwan wanka wai ƙarfin bazara ya raka mutum cikin hunturu.

Bahaushen_Uppsala:
Gyara kaɗan, Amarya. Ni tara na ji, fure tara shinge tara.

Amaryar_Dalarna:
Duka biyun akwai, ya danganta da gari. Bakwai ne ya fi yawo a bakin yaran yanzu.

Malam_Na_Tudu:
To Abban Sultan ga amsarka tana fitowa da kanta. Neman sanin gaibu ta hanyar fure da gishiri, neman lafiya a wurin raɓa. In wannan ba camfi ba ne mene ne? Gaibu Allah kaɗai ya san shi. Musulma in aure ya zo mata istihara aka koya mata da shawarar magabata. Ina jan kunnen 'ya'yanmu da ke can kada a ce wasa ne a gwada.

Amaryar_Dalarna:
Camfi ne Malam, ban ce ba shi ba ne, kuma ba na barin 'yata ta yi. Amma a yi musu adalci, yau babu wadda ke fasa aure don mafarkin fure. Tsohuwar nan da kanta dariya take yi, ta ce ita limamin cocinsu mai mata da 'ya'ya ta gani a nata mafarkin.

Tsohon_Ticha:
In aka duba waɗanda suka riƙe camfin nan, abin tausayi ne ma. 'Yan mata ne masu aikatau a gonakin masu hali, waɗanda aure ne kaɗai ƙofar fita daga bauta wa gidan wani. Wa za ki aura, yana da gona ko ba shi da ita, nan rayuwarki gaba ɗaya ta rataya. Dole dare ɗaya na hutu a cika shi da neman alama.

Kuma ba fure kaɗai ba ne. Sun yi imani a daren dukiyar da aka binne tana nuna kanta da wani haske, mai tona ta kuma in ya yi magana ta nutse. Akwai Näcken, wani aljanin ruwa da ke zama tsirara a kan dutse a tsakiyar rafi yana goge, daɗin kiɗan ya ja mutum ya faɗa. Maganinsa ƙarfe, mai shiga wanka ya soke wuƙa a bakin gaɓa ya ɗaure shi. Hazon da ke kwanciya a fadama da asuba kuwa, wai rawar aljanu mata ce.

Ummu_Sudais:
Kai, wannan Näcken ɗin ai 'yan ruwa ne sak. Haka kakata take hana mu zuwa kududdufi da tsakar rana.

Dan_Kiruna:
Aikinsu ɗaya, hana yara nutsewa. Ƙasar tafkuna ce, kusan dubu ɗari. Har yau ana rasa rayuka a ruwa a wannan lokacin, mutum ya sha ya hau kwalekwale, ga ruwan da sanyi ko a Yuni.

Sadiq_Funtua:
Ni fa wani fim na gani a kan bikin nan, wallahi na kasa barci. Tsofaffi suna faɗowa daga kan dutse, ana ƙona mutane. Ku ce min ba a yi.

Bahaushen_Uppsala:
Sadiq fim ɗin tsoro ne, Ba'amurke ya shirya shi, a Hungary ma aka ɗauki yawancinsa. Labarin jefa tsofaffi daga dutse tatsuniya ce, masana tarihinsu sun daɗe da watsi da ita. Babban haɗarin da na gani a wurin bikin shi ne sandar ta kuɓuce lokacin ɗagawa.

Amaryar_Dalarna:
Ɗagawar kuwa ita ce abin kallo. Da safe ake shiga daji a saro rassan björk, bishiyar nan mai farin ɓawo, mata da yara su zauna a ciyawa suna ɗaura ganye da fure a jikin sandar tana kwance. A Leksand wani kwari ne mai faɗi a cikin gari, dubban mutane suke cika shi. Ana zuwa ta kogi da dogayen jiragen ruwa na katako masu matuƙa da yawa, irin waɗanda mutanen ƙauyukan tafkin Siljan suke shiga zuwa coci a da. Masu goge suna gaba, kowa da kayan gargajiyar garinsu, mai ido yana ganin ɗinkin siket da hula zai ce wannan 'yar Rättvik ce, waccan 'yar Mora. Maza su jeru da dogayen sanduna bibbiyu da aka ɗaure bakinsu, su tallafo ta, mutum ɗaya yana ba da umarni, a ɗaga kaɗan a tsaya, a matso, a sake ɗagawa, jama'a suna ihu. A ƙauyukan nan ba a sauke ta bayan biki, tana nan tsaye da busasshen ganyenta har shekara ta zagayo. Mai zanen nan Anders Zorn, ɗan Mora, ya zana rawar daren a 1897, hoton yana gidan tarihin zane na ƙasa a Stockholm.

Gwanin_Gardama:
Duk wannan ado ne. Tambayar Abban Sultan tana nan: ibada ce ko ba ibada ba? Ticha ya ce sandar ta Jamus ce, Dan Filato ya ce ranar ta Yohanna ce, Dan Kiruna ya ce murnar haske ce. To murnar haske da girmama rana, ina iyakarsu?

Dan_Kiruna:
Manomi in ya yi murnar ruwan farko bautar hadari ya yi? Niyya ce iyakar. Ni dai abin da tsawon yinin nan ya jawo min ba rawa ba ce, lissafin salla ne. A 2015 azumi ya kama ranar 18 ga Yuni, washegari jajiberen bikin. Su suna cin sitiroberi, 'yan'uwa a Stockholm suna azumin kusan awa 20. Mu da ranarmu ba ta faɗuwa kuwa dole sai ƙiyasi.

Malam_Na_Tudu:
Wannan mas'ala ce ta gaske. Malamai sun kafa hujja da hadisin Dujal, inda aka ce akwai yinin da zai yi tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya ta isa, aka ce a'a, a ƙaddara masa lokaci. Daga nan wasu suka ce a bi gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu suka ce a bi lokutan Makka. Wanne kuke bi a can?

Dan_Kiruna:
An rabu, Malam. Akwai masu bin Makka, akwai masu bin jadawalin Stockholm. Gida ɗaya ma sai ka ga miji ya sha ruwa, mata tana jira.

Sabon_Dalibi:
Salam iyayena da yayyena. Ina ta karantawa ban yi magana ba. Ni ɗalibi ne a Linköping, kuma malamin da ke duba aikina ya gayyace ni gidan ƙauyensu ranar bikin, da iyalinsa. Ban ba shi amsa ba. In je ko in ba da uzuri?

Bahaushen_Uppsala:
Ƙanena ka san abin da aka yi maka kuwa? Mutanen nan za ku yi shekaru kuna gaisawa a ofis ba ka san ƙofar gidansu ba. Wanda ya kira ka Midsommar ya sa ka cikin dangi. Ni dai na ce ka je. Ka gaya masa tun yanzu ba ka cin alade ba ka shan barasa, za su tanadar maka lemo, su sun saba da masu cewa ba sa cin wannan ba sa cin wancan. Ka isa a kan lokaci, ka cire takalmi a ƙofa, ka riƙe ɗan abin hannu. Za a yi wasanni bayan abinci, tseren buhu, jan igiya, buga ƙusa, da kubb, wanda ake jifan gumagumai da sanduna. Nan za ka fi sabawa da su.

Malam_Na_Tudu:
Ni ban ba ka shawarar zuwa ba, ɗana. Ko mun ajiye gardamar asali, hadisi ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma kun ji daga bakin Maman Ilham yadda teburin yake. Ka gode masa da kyakkyawan lafazi, ka kai masa tsaraba wata rana. Digiri ba ya hannunsa, yana hannun Allah.

Maman_Ilham:
Akwai tsaka-tsaki. Kusan kowane ƙauye ana ɗaga sandar a filin jama'a da rana, kofi ne da kek da yara, ba teburin giya. A Stockholm ma masu son gani Skansen suke zuwa, gidan tarihin nan na fili da aka buɗe a 1891. Ka ce masa za ka zo wajen ɗaga sanda ka gaisa da iyalinsa, amma ba za ka kai dare ba. Ni haka nake yi da yarana. Ka tafi da rigar ruwa da ta sanyi, don ruwan sama kamar yana jiran ranar ne, a fito da teburi a mayar, a sake fitowa. In ka shiga doguwar ciyawa kuma ka duba jikinka da dare, akwai kaska, tana sa cuta.

Gwanin_Gardama:
Wato a je gindin sandar ba laifi, teburin ne laifi? Ai ni a ganina sandar ce babbar matsalar.

Abban_Sultan:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya ƙara sani. Na koma wajen wanda ya saka bidiyon na ce masa mazauna ƙasar sun ce ba wanda ke roƙon rana. Ya ce min to me ya sa sandar take da siffar gicciye. Na rasa ta cewa.

Amaryar_Dalarna:
Ba duka ba ne masu gicciye. A nan Dalarna akwai masu zobba jere, akwai masu zakaran ƙarfe ko tuta a ƙoli. Kowane ƙauye da tasa.

Malam_Na_Tudu:
Wani abu ma da duk muka tsallake. Bahaushen Uppsala ya ce kullum ranar Juma'a ake yi. @Sabon_Dalibi, ƙarfe nawa ake ɗaga sandar, ƙarfe nawa ake hawa mumbari? Ƙauyen akwai masallaci?

Sabon_Dalibi:
Babu, Malam, sai cikin gari. Ya ce ƙarfe uku ake ɗagawa, abinci kuma tun sha biyu da rabi.

Bahaushen_Uppsala:
To ka yi Juma'arka a gari ka bi su daga baya, ka ga teburin ma ya wuce ka. Sai dai ka duba jadawalin mota tun yau, ranar motocin ƙauye kaɗan ne suke fita, wasu layukan ma ba sa aiki sam. In babu ta dawowa ka tambaye shi ko akwai mai sauke ka tasha, kuma ka tabbatar wanda bai sha ba ne.